Guba, Biri da Hoto: Yadda Aka Leƙa Ƙwaƙwalwar Mai Cutar Parkinson Tun Yana da Rai

A cikin watan Yuli na shekarar 1982 aka kawo wani fursuna mai shekara 42 asibitin Santa Clara Valley da ke birnin San Jose, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutumin ya sandare kamar gunki. Ba ya magana, ba ya tafiya, miyau yana dalala daga bakinsa, idanunsa a buɗe ba ya ko ƙiftawa. Likitocin jijiyoyi suka ce taɓin hankali ne, likitocin masu taɓin hankali suka ce a'a, cutar jijiya ce. Ana cikin wannan gardama sai shugaban sashen jijiyoyi, Dokta William Langston, ya lura cewa yatsun mutumin suna ɗan motsi. Ya sa masa fensir a hannu, ya ajiye takarda. Sannu a hankali majinyacin ya rubuta amsar duk abin da aka tambaye shi. Ashe hankalinsa garau yake, jikin ne ya ƙi jin umarni.

Ba da jimawa ba aka samu wasu da irin wannan hali a garuruwan da ke kewaye, har adadin waɗanda abin ya kayar ya kai bakwai. Abu ɗaya ya haɗa su: dukansu sun yi wa kansu allurar wata jabun hiroyin da aka haɗa a ɓoye aka baza a kasuwar 'yan ƙwaya. Alamomin da ke jikinsu kuwa na cutar Parkinson ne wadda ta yi nisa, watau cutar da ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, wadda kuma takan ɗauki shekaru tana rarrafe kafin ta kwantar da mutum. Su waɗannan cikin 'yan kwanaki abin ya gama da su. Da aka ba su lebodofa, maganin da ake bai wa masu Parkinson, sai suka motsa, suka yi magana.

Wannan musiba da ta faɗa wa mutum bakwai ita ce ta ba masana kimiyya abin da suka daɗe suna nema: hanyar haifar da cutar a jikin biri. Cikin sa'a kuma, a daidai wannan lokaci aka samu na'urar da ke iya nuna aikin sinadaran ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce ta canza yadda ake fahimtar cutar.

Cutar da ba ta fita a hoto

Likitan nan na birnin Landan, James Parkinson, shi ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a 1817, bisa mutum shida da ya lura da su, wasunsu ma a kan titi ya gan su. Manyan alamominta su ne karkarwar hannu sa'ad da mutum yake hutawa, sanƙarewar gaɓoɓi, da nauyin jiki wajen fara motsi. Mutum yakan riƙa tafiya a sunkuye yana jan ƙafa, rubutunsa ya ƙanƙance, fuskarsa ta daina nuna fara'a ko fushi. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, masu fama da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Tushen matsalar yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, a wani ɗan wuri da masana suke kira da sunan Latin mai ma'anar baƙin abu, domin kuwa in an yanka ƙwaƙwalwar babban mutum ana ganinsa baƙi da ido. A nan za a kira shi baƙin yanki. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa ba su wuce wajen rabin miliyan ba, a cikin ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da kimanin biliyan 86. Kowace ɗaya tana miƙa dogon zare zuwa wani sashe da ke sama da ita mai suna sitirayatum, inda take zuba sinadarin dofamin. Wannan sinadari shi ne ke sa motsi ya fara cikin sauƙi ya kuma gudana ba tangarɗa. A 1919 Konstantin Tretiakoff ya nuna a birnin Paris cewa baƙin yankin masu Parkinson yakan koɗe. A 1957 Arvid Carlsson na Jami'ar Lund da ke Suwidin ya bai wa zomaye wani magani da ke tsiyaye ire-iren waɗannan sinadarai, suka kwanta ba motsi, kunnuwa a lanƙwashe. Da ya yi musu allurar dofa, wadda jiki ke juyawa ta zama dofamin, cikin mintoci suka miƙe. A 1960 kuma Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa suka auna ƙwaƙwalen matattu a birnin Biyana, suka tarar dofamin ya kusa ƙarewa a sitirayatum na waɗanda suka mutu da cutar.

Sai dai a lura, duk abin da aka sani game da ƙwaƙwalwar mutum a nan, daga gawa aka samo shi. Gawa kuwa ƙarshen labari kawai take nunawa. Hoton ƙashi na asibiti ba ya ganin kome a ciki. Na'urar CT da ta fito a 1971, da ta MRI da ta biyo bayanta, suna nuna siffar ƙwaƙwalwa da kyau, amma hoton da aka saba ɗauka na mai Parkinson ba ya bambanta da na tsoho mai lafiya. Ƙwayoyi dubu ɗari biyu ko uku da suka mutu ba sa barin gurbin da za a gani. Saboda haka ba wanda ya iya faɗin yaushe cutar ke farawa, ko ƙwayoyi nawa ne suka rage wa majinyacin da ke zaune gaban likita.

Abin da ɓera ya ɓoye

Da aka binciki garin da mutanen Kalifoniya suka yi amfani da shi, sai aka gano wani gurɓataccen sinadari mai suna MPTP, wanda ke samuwa idan mai haɗa ƙwayar ya yi gaggawa ko ya ƙara wa wuta zafi. Abin takaici shi ne ba wannan ne karo na farko ba. A 1976 wani ɗalibi ɗan shekara 23 a jihar Maryland ya haɗa irin wannan ƙwaya a gidansu, ya yi wa kansa allura, ya sandare. Masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun bi diddigin kayan aikinsa, suka gwada abin a jikin ɓeraye. Ɓerayen suka ɗan sandare na sa'o'i, sa'an nan suka warware suka ci gaba da harkarsu. Aka buga rahoton a 1979, kusan ba wanda ya kula da shi. Ba a san cewa ɓera yana da juriya ta musamman ga wannan guba ba. Zaɓen dabbar da ba ta dace ba ya jinkirta binciken da shekaru.

A 1983 aka gyara kuskuren. Stanley Burns da abokan aikinsa a wannan cibiya suka yi wa birai allurar MPTP, sai ga su sun sunkuya, sun sanƙare, sun rage motsi, sun rage ƙifta ido, kuma lebodofa ta tashe su kamar yadda take tayar da mutane. Da aka duba ƙwaƙwalensu da madubin likita, ƙwayoyin baƙin yanki ne suka mutu, maƙwabtansu kuwa galibi suna nan lafiya.

Cikin shekara biyu aka gano dabarar gubar, kuma dabara ce mai ban mamaki. Ita MPTP da kanta ba ta kisa. Tana narkewa cikin mai, don haka takan ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa daga dattin jini. Da ta shiga, wani inzayim mai suna MAO-B ya juya ta ta zama MPP+. Su kuwa ƙwayoyin dofamin suna da wata ƙofa a bakin zarensu wadda suke janye dofamin da ita bayan ya gama aiki, don a sake amfani da shi. MPP+ ta yi kama da dofamin, sai ƙofar ta ɗauke ta a kan ɗan gida ta shigar da ita. Tana shiga sai ta nufi mitokondiriya, watau murhun da ƙwayar ke ƙona abinci ta samu ƙarfi, ta toshe shi. Ƙwayar da ke da wannan ƙofa ita ce ke mutuwa. Wadda ba ta da ita ta tsira.

Yadda na'urar PET take gani

A wannan shekara ta 1983, a Jami'ar McMaster da ke Hamilton a Kanada, Stephen Garnett da Günter Firnau da Claude Nahmias suka buga hoton farko da ya nuna dofamin a ƙwaƙwalwar mutum mai rai. Ya kamata ɗalibi ya tsaya ya fahimci yadda abin yake, domin kimiyyar lissafi da ta sinadarai da ta halittu duk sun haɗu a nan.

Ana ɗaukar dofa a liƙa mata ƙwayar zarra ta fulorin-18, wadda ake ƙerawa a cikin wani inji mai suna saikulotiron. Abin da aka samu shi ake kira fulorodofa. Ana yi wa mutum ko dabba allurarta a jijiyar jini. Zaren ƙwayoyin dofamin da ke da rai a sitirayatum sai su tsotse ta kamar yadda suke tsotsar dofa ta ainihi, su juya ta, su adana a cikin 'yan jakunkunansu. Ita kuwa fulorin-18 ba ta zama lafiya. Takan fitar da wani ɗan ƙanƙanin abu mai suna fositiron, wanda kishiyar ilektiron ne. Bai fi tafiyar milimita ɗaya ba zai ci karo da ilektiron, su biyun su ɓace, haske iri na gama ya fito gida biyu, ɗaya ya nufi nan ɗaya ya nufi can, a kan miƙaƙƙen layi. An kewaye kan da zobe na na'urorin tsinkaya. Duk lokacin da biyu daga cikinsu masu fuskantar juna suka ji bugu a tare, an san cewa abin ya faru a kan layin da ke tsakaninsu. Kwamfuta ta tara miliyoyin irin waɗannan layuka ta zana taswira. Inda zare ke da yawa, fulorodofa ta taru, wurin ya yi haske. Launukan ja da rawaya da ake gani a hoton kwamfuta ce ke shafa su don sauƙin karatu; ba launin ƙwaƙwalwa ba ne.

Akwai gaggawa a cikin aikin. Kowane minti 110 rabin fulorin-18 yakan ƙare. Bayan minti 220 saura kashi ɗaya cikin huɗu, bayan minti 330 saura ɗaya cikin takwas. Ba a iya ajiye ta a kanta sai gobe. Dole injin ƙera ta da ɗakin haɗa sinadarin da na'urar hoton su kasance kusa da juna, abin da ya sa aikin ke da tsada ƙwarai.

To amma haske a allo ba hujja ba ne. Wa ya tabbatar cewa raguwar hasken tana nufin mutuwar ƙwayoyi, ba raguwar gudun jini ko wani abu dabam ba? Ba a iya ɗaukar hoton mutum yau a buɗe kansa gobe a ƙirga. A nan ne biri ya shigo. A 1986 Krzysztof Bankiewicz da abokansa suka samo wata dabara: maimakon a zuba gubar a jiki duka, sai a zuba ta a jijiyar wuya ɗaya daga cikin biyun da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ɓangare ɗaya ya lalace, ɗayan ya zauna lafiya. In ta dama aka zuba, hannun hagu ne zai yi nauyi, domin kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa kishiyar gefensa yake sarrafawa. Irin wannan biri yana iya ciyar da kansa da hannun da ya rage, ba ya shan wahala kamar wanda aka lalata wa ɓangare biyu, kuma a hoto ɗaya ana ganin gefe mai haske kusa da gefe mai duhu. A 1993 masana a Jami'ar British Columbia da ke Vancouver suka ɗauki hoton birai da gubar ta yi wa illa, wasu kaɗan wasu da yawa, daga baya suka ƙirga ƙwayoyin baƙin yankinsu, suka auna dofamin ɗin da ya rage. Lissafin hoton da na madubin likita suka tafi tare. Daga nan ne aka samu ƙwarin gwiwar karanta hoton mutum a ce ga abin da yake nufi.

Ɓarnar da ke gaban alama

Babban abin da hoton ya tona shi ne cewa ƙwaƙwalwa tana rufa wa kanta asiri. Ba mutum bakwai kaɗai suka taɓa waccan ƙwaya ta Kalifoniya ba. Ɗaruruwa ne, kuma mafi yawansu suna yawo lafiya lau. A 1985 Donald Calne da Langston da abokansu suka kai huɗu daga cikin masu lafiyar Vancouver aka ɗauki hotonsu. Hasken sitirayatum ɗinsu ya faɗo tsakanin na mai lafiya da na mai Parkinson. Watau sun yi asarar ƙwayoyi ba su sani ba. Wannan ne karo na farko da aka ga irin wannan ɓarna a jikin mutum mai rai tun kafin ta nuna kanta.

Nawa ne za a rasa kafin alama ta fito? Erwan Bezard da abokansa a Bordeaux ta Faransa suka amsa wannan a 2001. Sun riƙa bai wa birai gubar kaɗan-kaɗan kullum, suna duba ƙwaƙwalen wasu a ranaku dabam-dabam. Lissafinsu ya nuna alamomi ba sa bayyana sai an rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na ƙwayoyin baƙin yanki, da kimanin kashi 80 cikin ɗari na dofamin ɗin sitirayatum. Kafin a kai nan, ƙwayoyin da suka rage suna ƙara himma, sauran sassan da ke sarrafa motsi kuma suna gyara tafiyarsu don cike giɓin. Ma'anar wannan ga majinyaci tana da nauyi: ranar da hannunsa ya fara rawa ba ita ce ranar da cutar ta fara ba, ta riga ta yi shekaru tana ci a ɓoye. Duk maganin da ake so ya kare ƙwayoyin, in an jira sai alama ta fito, ya tarar da rumbun ya yi nisa da zubewa.

Wani abin kuma ya biyo baya wanda ba a zata ba. A 1994 aka buga sakamakon hoton mutum 10 daga cikin waɗanda suka taɓa gubar, an ɗauke su sau biyu, shekara 7 tsakani. Hasken ya ci gaba da raguwa fiye da yadda tsufa kaɗai ke rage shi, biyar daga cikinsu kuma sun nuna sababbin alamomi, alhali gubar ta daɗe da barin jikinsu. A 1999 Langston ya duba ƙwaƙwalen uku daga cikin majinyatan bayan sun mutu, ya tarar ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa sun yi dafifi kewaye da ƙwayoyin jijiya masu mutuwa, shekaru bayan allurar. Ga alama bugu ɗaya yana iya kunna wutar da za ta ci gaba da ci da kanta.

A nan ya dace a ɗan ratse. Siffar MPP+ ta yi kama ƙwarai da ta farakwat, maganin kashe ciyawa da manoman Nijeriya suka daɗe da sani da sunan Gramoxone. Rotenon kuma, maganin ƙwari da ake samu daga tsirrai, wanda danginsa ke cikin majimfa da ake kashe kifi da ita, wuri ɗaya yake toshewa a mitokondiriya da MPP+. A shekara ta 2000 masana a Jami'ar Emory suka nuna yana lalata baƙin yankin ɓeraye. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan manoman Amurka ya samu cewa masu amfani da ɗayan waɗannan biyu sun fi sauran kamuwa da Parkinson da wajen ninki biyu da rabi. Wannan bai nuna cewa duk mai feshi zai kamu ba, ba kuma ya tabbatar da sanadi shi kaɗai. Amma Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007, kuma ya ishi manomi dalilin rufe hanci da hannu, da wanke jiki bayan feshi.

Kyautar biri, da iyakarta

Amfani mafi girma da majinyata suka samu daga waɗannan birai ya zo ta wata hanya da ba a yi tsammani ba. A ƙarshen shekarun 1980 Alan Crossman da abokansa a Manchesta suka yi amfani da sukari mai alama don zana taswirar wuraren da ke aiki fiye da kima a ƙwaƙwalwar birin MPTP, Mahlon DeLong kuma a Amurka yana sauraren ƙwayoyin ɗaya-ɗaya da siririyar waya. Duka biyun suka nuna yatsa ga wani ɗan gungu mai suna sabtalamas, wanda bai fi ƙaramar ƙwayar wake ba. Idan dofamin ya ƙare, wannan gungu yakan haukace da aiki, ya danne motsi kamar direban da ya taka birki ya ƙi ɗagawa. Likitocin tiyata suna tsoron wurin, domin an daɗe da sanin cewa in jini ya lalata shi mutum yakan riƙa wurgi da hannu ba da son ransa ba. Ba mai gwada shi a kan mutum. A 1990 Hagai Bergman da Thomas Wichmann da DeLong, a Jami'ar Johns Hopkins, suka lalata shi da gangan a birai biyu masu cutar, sai nauyin jiki da sanƙarewa da karkarwa suka ragu nan take. A 1993 Abdelhamid Benazzouz ya nuna a Bordeaux cewa ba sai an lalata ba, bugun lantarki mai sauri ma yana kwantar da shi. A wannan shekara Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka dasa waya a sabtalamas na majinyaci a Grenoble. Wannan aiki, da ake haɗa wayar da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ya zama sananniyar hanyar jinya ga waɗanda magani ya daina riƙe su, ko da yake ba ya hana cutar ci gaba.

Ba a samu wannan kyauta ba. Biri dabba ce mai wayo da jin zafi, kuma wanda aka bai wa MPTP sau da yawa ba ya warkewa. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da hukumomin bincike suka runguma daga baya: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Hoto ya taimaka a nan, domin biri ɗaya da ake ɗauka wata-wata yana iya ba da labarin da dā sai an kashe da yawa a samu. Daga 1997, da Simon Cherry da abokansa suka ƙera ƙaramar na'urar PET mai iya rarrabe abin da bai fi milimita biyu ba, aka iya mayar da ayyuka da dama kan ɓeraye. Duk da haka tambayar ko ribar ta kai wahalar tana nan, kuma ya kamata a riƙa yin ta a kan kowane gwaji, ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma inda biri da hoto suka haɗu suka yaudari masana. A 1993 aka gano wani furotin mai suna GDNF da ke rayar da ƙwayoyin dofamin. A birai ya yi abin al'ajabi: Don Gash ya nuna a 1996 cewa motsinsu ya gyaru, Jeffrey Kordower kuma ya nuna a 2000 cewa hasken PET ya dawo. Da aka gwada a mutane, a rahoton 2006 da kuma na Bristol a 2019, hoton ya yi haske kamar yadda ya yi a birai, amma majinyatan ba su fi waɗanda aka zuba wa ruwan gwaji samun sauƙin da lissafi zai amince da shi ba. Haka ya faru da dashen ƙwayoyin ɗan tayi. Biyu daga cikin sandararrun Kalifoniya an kai su Lund an yi musu dashen, rahoton 1992 ya nuna sun samu sauƙi ƙwarai, hotonsu kuma ya haskaka. Amma a 2001, da Curt Freed da abokansa suka raba majinyata 40 gida biyu, rabi aka dasa musu rabi aka huda ƙashin kai kawai ba tare da sun san wanda aka yi wa wanne ba, dashen ya kama a ƙwaƙwalwar mutum 17 cikin 20, ma'aunin farko na samun sauƙi kuwa bai nuna bambanci ba. Kimanin kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa suka samu fizge-fizgen jiki da ba ya tsayawa ko an janye magani.

Dalilin bai ɓoyu ba. Fulorodofa tana nuna cewa akwai zaren da ke iya adana dofamin. Ba ta nuna ko ya haɗu da inda ya kamata, ko yana sakin sinadarin a lokacin da ake bukata. Birin MPTP kuma lafiyayyen biri ne da aka buga sau ɗaya, galibi matashi. Mai Parkinson na ainihi tsoho ne da cutar ta daɗe tana ci. Kordower ya nuna a 2013 cewa shekara huɗu bayan gano cutar, zaren dofamin ya kusa ƙarewa a sashen sitirayatum mai kula da motsi. Bugu da ƙari, a ƙwayoyin majinyaci akwai wasu dunƙule da Friedrich Lewy ya bayyana tun 1912, waɗanda aka gano a 1997 cewa wani furotin mai suna alfa-sinukilin ne ya cure a cikinsu. Birin MPTP ba ya yin irin waɗannan dunƙule na ainihi. Yana kwaikwayon abin da ke biyo bayan mutuwar ƙwayoyin, ba abin da ke kashe su ba. Shi ya sa ya yi rana wajen gwada hanyoyin rage alamomi, ya kuma kasa wajen zaɓo maganin da zai tsayar da cutar. Saboda wannan giɓi ne masana suka koma ƙirƙiro wasu dabbobin gwajin. A 2012 Kelvin Luk da Virginia Lee a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa in an zuba curarren alfa-sinukilin a ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera, curewar takan bazu daga ƙwaya zuwa ƙwaya har ta kashe na baƙin yanki cikin watanni.

Amma ba a yi ritaya da birin ba. A Jami'ar Kyoto ta Japan, Jun Takahashi ya ɗauki ƙwayoyin jikin manyan mutane da aka mayar da su halin farko ta dabarar Shinya Yamanaka, ya rene su suka zama ƙwayoyin dofamin, ya dasa wa biran MPTP. Rahotonsa na 2017 ya nuna an bi su har shekara biyu da MRI da PET: motsinsu ya ƙaru, dashen ya rayu yana aiki, kuma bai rikiɗe ya zama ƙari ba, wanda shi ne babban abin tsoro. Bisa wannan aka fara dasa wa mutane a 2018. Sakamakon da aka buga a 2025 na mutum bakwai ne. Ba a samu mummunar illa ba, hasken fulorodofa ya ƙaru da kimanin kashi 45 cikin ɗari, huɗu daga cikin shida da aka auna motsinsu sun samu ci gaba. Sai dai ba a kwatanta su da waɗanda ba a dasa wa ba, kuma kowa ya san abin da aka yi masa. A 2025 ɗin aka fara wani gwaji mafi girma da wasu ƙwayoyin makamantan waɗannan, na kamfanin BlueRock, mai ɗauke da majinyata wajen 100, wasunsu za a yi musu aikin ba tare da an dasa kome ba. Abin da aka ajiye a matsayin ma'aunin farko shi ne littafin da majinyaci ke cikewa a gida, inda yake rubuta sa'o'i nawa ya yi a rana yana motsi lafiya ba fizge-fizge, bayan mako 78 da aikin.